Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi? Gardamar Masu Sassaƙa Da Mataimakansu

A cikin watan Mayu na shekara ta 2022 wata kotu a Paris, babban birnin ƙasar Faransa, ta zauna sauraron wata ƙara wadda masu sana'ar zane da sassaƙa na ƙasashe da yawa suka kasa kunne su ji yadda za ta kaya. Mai ƙara wani dattijo ne Bafaranshe ɗan shekara 80, sunansa Daniel Druet, gwanin ƙera mutum-mutumi da kakin zuma. Abin da ya kai shi kotu shi ne waɗansu mutum-mutumai waɗanda duniya ta sani da sunan wani mutumin Italiya, Maurizio Cattelan, har ana sayar da su miliyoyin daloli. Druet ya ce da hannunsa ya ƙera su, saboda haka a rubuta cewa nasa ne shi kaɗai, a kuma biya shi diyya ta miliyoyin Yuro.

Abin da zai ba wanda bai san wannan sana'a ba mamaki shi ne, babu wanda ya musa cewa Druet ne ya ƙera su. Shi kansa Cattelan ya sha faɗa a bainar jama'a cewa bai iya zane ba, bai kuma iya sassaƙa ba. Gardamar duka a kan abu guda take, watau wane ne ya cancanta a kira shi mai aiki: wanda ya yi tunani ya ba da umarni, ko kuwa wanda ya zauna ya murza kaki har siffa ta fito? Amsar wannan tambaya ita ke nuna wanda sunansa zai hau bango, da wanda kuɗi za su shiga aljihunsa, da wanda tarihi zai tuna da shi.

Ayyukan da ake gardama a kansu

Druet ba ƙaramin gwani ba ne. Tun yana saurayi ya ci babbar lambar girma ta masu sassaƙa na ƙasarsu wadda ake kira Kyautar Rum, sa'an nan ya yi shekaru yana yi wa gidan Grévin na Paris aiki, inda ake jera siffofin mashahuran mutane na kakin zuma, irin waɗanda baƙo zai iya yi wa sallama don tsammanin masu rai ne. Daga 1999 zuwa 2006 Cattelan ya riƙa aika masa da aiki, shi kuwa yana yi, ana biyansa.

Biyu daga cikin ayyukan nan sun fi sauran suna. Na farko, wanda aka nuna cikin 1999, siffar Paparoma John Paul na Biyu ce, yana kwance a ƙasa riƙe da sandarsa, wani dutse da ya faɗo daga sama ya danne shi. Na biyu na 2001 ne. In mutum ya shiga ɗakin nuni, ta baya yake fara hango shi, sai ya ga kamar wani ɗan yaro ne durƙushe bisa gwiwoyinsa yana roƙon gafara. Sai ya zagaya gaba ya leƙa fuska, sa'an nan ya ga ashe Hitila ne, da ɗan gashin bakinsa. A cikin watan Mayu na 2016 aka yi gwanjon wannan mutum-mutumi a gidan Christie's na New York, aka saye shi dala miliyan 17.2. A ƙarshen shekarar kuma gidan Monnaie de Paris, tsohon gidan buga kuɗi na Faransa wanda yakan shirya nune-nune, ya baje kolin ayyukan Cattelan. Druet ya ce ba a ambaci sunansa ba.

Hujjar Druet ita ce, umarnin da ake aiko masa gajere ne ƙwarai, shi ne ke zama ya ƙago yanayin fuska da kallon ido, abubuwan da ke sa tsikar jikin mai kallo ta tashi. Lauyoyin ɗaya ɓangaren kuwa suka ce an biya shi ladan aikinsa, umarnin da aka ba shi filla-filla ne, kuma ƙarfin aikin yana ga tunanin da ya haife shi da yadda aka ajiye shi a ɗaki. Kafin a zo ga hukuncin da kotu ta yanke, ya kamata mai karatu ya san yadda ake yin wannan aiki tun asali, domin a nan tushen rigimar yake.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Mutane da yawa sun ɗauka cewa masassaƙin Turai yakan ɗauki guduma da kurfi ne ya tasam ma dutse shi kaɗai har siffa ta fito. Ko a zamanin da, haka ba ta cika faruwa ba. Abin da aka saba shi ne, maigida ya gina samfuri da yumɓu, sau da yawa ɗan ƙarami. Waɗansu ma'aikata su ɗauki siffarsa da filasta, domin yumɓu yana bushewa ya tsage. In da farin dutsen nan mai sheƙi da ake kira mabul ake son aikin, sai masu sara su zo da wani ma'auni mai tsinke, su auna tudu da kwarin samfurin ɗigo bayan ɗigo, su huda dutsen daidai zurfin da ma'auni ya nuna, sa'an nan su sare abin da ya rage tsakanin hudojin. Maigida yakan zo daga ƙarshe ya gyara fuska ko yatsu, wani lokaci ma dubawa kawai zai yi ya ce ya yi.

In kuwa da tagulla ake so, sai a kai maƙera. A can za a yi siffar da kaki, a lulluɓe ta da ƙasa mai jure wuta, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Bayan ta huce a fasa ƙasar, a haɗa gaɓoɓin da aka zuba daban-daban, a goge, a rina da magunguna har launi ya zauna. Wannan dabara ce maƙeran Ife da na Benin suka sani tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Kowane mataki yana da gwaninsa, kuma da wuya a sami mutum guda wanda ya ƙware a cikinsu duka.

Auguste Rodin, wanda ya rasu cikin 1917, shi ne Turawa ke ɗauka uban sassaƙar zamani. Da hannunsa yake gina yumɓu, amma aikin dutse gomman ma'aikatansa ne ke yi. Daga cikin waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa akwai Camille Claudel da Antoine Bourdelle, waɗanda suka zama gwanaye masu sunan kansu. Akwai kuma Constantin Brancusi, mutumin Romaniya, wanda ya shiga gidan cikin 1907, bai daɗe ba ya fita, yana mai cewa babu abin da ke girma a ƙarƙashin babbar bishiya. Har bayan rasuwar Rodin an ci gaba da zuba ayyukansa da tagulla da izinin gidan da ke kula da gadonsa, dokar Faransa kuwa tana lasafta su a kan nasa ne muddin ba su wuce 12 daga samfuri guda ba.

Tsohuwar gardama

Ko da yake kowa a cikin sana'ar ya san haka ake yi, ƙorafi bai taɓa ƙarewa ba. A birnin Rum akwai wani aikin dutse na Gian Lorenzo Bernini wanda aka yi tsakanin 1622 da 1625, yana nuna wata budurwa ta cikin tatsuniyoyin Girkawa tana rikiɗa tana zama itace. Abin da ya fi ƙayatar da masu kallo shi ne ganyayen da ke tsirowa daga yatsunta, an sassaƙe dutse ya yi siriri kamar takarda. Masana tarihi sun nuna cewa yawancin wannan aiki mai wuya wani mataimaki ne ya yi, Giuliano Finelli, wanda bayan 'yan shekaru ya bar gidan Bernini cikin fushi, don yana ganin an danne masa haƙƙi.

Wani lokaci kuma zargin yakan zama makami. Harriet Hosmer, wata Ba'amurkiya mai sassaƙa a Rum, jaridun Landan sun yi mata ƙazafi cewa ma'aikatan Italiya ne suka yi mata babban aikinta, siffar Sarauniya Zenobia. Ta tilasta musu suka janye maganar, sa'an nan cikin 1864 ta rubuta bayani a wata mujalla ta Amurka, ta fayyace yadda ake aikin mataki-mataki, ta nuna cewa abin da take yi shi ne abin da 'yan'uwanta maza ke yi ba wanda ya ce musu uffan.

Shari'ar da ta fi tashe a wancan zamani ita ce wadda aka yi a Landan cikin 1882. Wani masassaƙi, Richard Belt, ya yi ƙarar tsohon maigidansa Charles Lawes saboda ɓata suna, don an baza cewa Belt bai iya kome ba, waɗansu ne ke yi masa aiki a ɓoye yana sa suna. Aka yi zama 43 ana shari'a, aka cika kotu da mutum-mutumai don shaida. Da magana ta ƙi ƙarewa, sai aka ba Belt yumɓu da ɗaki, aka ce ya gina siffar wani mutum a gani. Ya gina. Manyan masu zane na Ingila suka duba suka ce aikin bai kai waɗanda ake gardama a kansu ba, amma masu taya alƙali yanke hukunci ba su bi ra'ayinsu ba, suka ba Belt gaskiya da diyyar fam 5,000. Abin lura a nan shi ne, a wancan lokaci jama'a sun ɗauka cewa lalle ne mai suna ya iya aikin da hannunsa, ko da ba shi ya yi duka ba.

Renoir da Guino

Shari'ar da lauyoyin Faransa suka fi kafa hujja da ita a kan wannan batu ta wani tsoho ce da wani saurayi. Auguste Renoir mashahurin mai zanen fenti ne, amma da tsufa ya kama shi, ciwon gaɓoɓi ya shanye masa yatsu har ba ya iya murza yumɓu. Cikin 1913, yana da shekara 72, dillalinsa Ambroise Vollard ya kawo masa wani saurayi ɗan shekara 23, Richard Guino, haifaffen ƙasar Sifen, ya zama hannunsa. Renoir yana zaune bisa kujera riƙe da 'yar sanda, yana nuna inda za a ƙara da inda za a rage, Guino yana ginawa. Sau da yawa kuma saurayin shi kaɗai ke aiki, da zanen tsohon a gabansa. Haka suka yi har wajen 1918. Vollard ya biya Guino lada, ya sayar da ayyukan da sunan Renoir kaɗai.

Renoir ya rasu cikin 1919. Guino ya yi shiru shekara da shekaru, sai cikin 1965, shi ma tsufa ya zo masa, ya kai ƙarar magadan Renoir, yana neman a rubuta shi abokin tarayya a cikin aikin. Kotu ta sa gwani ya bincika, ya gwada zanen Renoir da mutum-mutuman da aka yi daga gare su. Aka tarar Guino ba kwaikwayo kawai ya yi ba. Akwai tsayuwa da yanayin fuska waɗanda daga gare shi suka fito, Renoir karɓa ya yi, ba shi ya tsara su ba, kuma da wani ne ya yi aikin da ya fita daban. Cikin 1971 kotun Paris ta ba Guino gaskiya, ran 13 ga watan Nuwamba, 1973 kuma kotun ƙoli ta Faransa ta tabbatar da hukuncin. Guino bai ga wannan rana ba, ya riga ya rasu tun cikin watan Fabrairu na shekarar. Yau gidajen nuni da dama sunaye biyu suke rubutawa a ƙarƙashin waɗannan ayyuka.

Ma'aunin da wannan shari'a ta kafa shi ne: gumi da ƙwarewa kaɗai ba su mai da mataimaki mai aiki. Amma in an sakar masa mara ya zaɓa, har zaɓinsa ya bayyana a jikin aikin, to yana da rabo a cikin sunan.

Zamanin ba da umarni ta tarho

A cikin ƙarni na 20 al'amarin ya sake salo baki ɗaya. Cikin 1917 Marcel Duchamp ya sayi tasar fitsari ta tangaran a kanti, ya sa mata wani suna na ƙarya, ya aika da ita wurin nuni a New York. Manufarsa ita ce, zaɓin da mai fasaha ya yi shi ne aikinsa. Aka ƙi nuna ta, amma ra'ayin ya kama ƙasa. Cikin 1962 wani Ba'amurke, Tony Smith, ya buga wa wata maƙera tarho ya ce a ƙera masa akwatin baƙin ƙarfe mai ƙafa 6 ta kowace fuska, aka ƙera, ya zama ɗaya daga cikin ayyukan da ake koyar da tarihinsu a jami'o'i. Donald Judd kuma tun daga 1964 zane da awo kawai yake kai wa wata maƙera ta New York mai suna Bernstein Brothers. Da gangan yake yin haka, don ba ya son a ga alamar hannun kowa a jikin aikin, har da nasa.

Daga nan sana'ar ta koma kamar masana'anta, kuɗi kuma suka shigo da yawa. Jeff Koons ya taɓa riƙe ma'aikata fiye da 100 a gidan aikinsa na New York, zomonsa na ƙarfe mai ƙyalli, wanda aka ƙera cikin 1986, an yi gwanjonsa dala miliyan 91.1 cikin 2019. Damien Hirst na Ingila ya nuna ƙoƙon kan mutum na farin ƙarfe mai daraja cikin 2007, an manne shi da duwatsun lu'ulu'u 8,601, maƙeran zinariya na gidan Bentley & Skinner na Landan ne suka yi aikin. Cikin 2010 Ai Weiwei na ƙasar Sin ya shimfiɗe daɓen babban zauren gidan Tate Modern na Landan da ƙwayoyin tangaran miliyan 100 masu kama da 'ya'yan wani fure, kowace an yi mata fenti da hannu. Mutum 1,600 ne suka yi su a garin Jingdezhen cikin fiye da shekara 2. Shi kuwa Cattelan, cikin 2019 ya manna ayaba a bango da salatif ya ce aiki ne. Cikin watan Nuwamba na 2024 aka sayi wannan aiki dala miliyan 6.2. Ayaba tana ruɓewa a canza ta, abin da mai saye ya mallaka shi ne takardar shaida da bayanin yadda ake mannawa.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa mai ba da umarni ba ya yin kome. Wani attajirin Italiya, Giuseppe Panza, ya sayi takardun awo na waɗansu ayyukan Judd. Cikin 1989 ya ba wani gidan nuni na Los Angeles izini ya ƙera ɗaya a can, don gudun kuɗin dako daga Italiya. Da Judd ya ji, sai ya buga sanarwa cikin 1990 cewa wannan ba aikinsa ba ne. Awo ɗaya ne, ƙarfe ne kuma aka yi da shi, amma ba a nemi yardarsa ba, idonsa kuma bai gani ba. Watau a irin wannan fasaha, mai aiki shi ne wanda ke da ikon cewa ya yi ko bai yi ba, shi ne kuma ke ɗaukar yabo ko zargi.

Sai dai akwai nauyin da ba ya hawa kansa. Masu walda da masu guga da masu ɗaukar kaya su ke shaƙar ƙura da hayaƙi, su ke tsayawa ƙarƙashin ƙarfe. Cikin 1971 wani ma'aikaci ya rasa ransa a birnin Minneapolis na Amurka, sa'ad da wani faffaɗan ƙarfe na aikin Richard Serra ya faɗo masa ana cikin kafawa.

Hukuncin kotun Paris

Sa'ad da ƙarar Druet ta zo gaban alƙalai, gomman masu fasaha da shugabannin gidajen nuni sun sa hannu a wata wasiƙa a jaridar Le Monde suna goyon bayan Cattelan. Tsoronsu shi ne, in Druet ya ci, kowane maƙeri da kowane kafinta zai tashi ya nemi rabonsa, ayyukan shekara 100 su shiga rigima.

Ran 8 ga watan Yuli, 2022, kotu ta kori ƙarar. Dalilin farko na ƙa'ida ne: Druet ya yi ƙarar dillalin Cattelan, watau gidan Perrotin, da gidan Monnaie de Paris, amma bai yi ƙarar Cattelan kansa ba, alhali kuwa sunan Cattelan yake so a kankare. Ba a ƙwace wa mutum abu a shari'ar da ba a yi ƙararsa ba. Bugu da ƙari, alƙalan sun lura cewa yadda ake ajiye mutum-mutuman, da zaɓin ɗaki da haske da wurin da mai kallo zai fara hango su, duka daga Cattelan suka fito, Druet ba shi da hannu a ciki. Aka kuma umarce shi ya biya waɗanda ya yi ƙara kuɗin shari'a.

In an gwada wannan da shari'ar Guino, za a ga bambanci. Guino rabo ya nema, ya ce shi da Renoir suka yi. Druet kuwa duka ya nema, ya ce shi kaɗai ne. Wannan kuwa da wuya ta karɓu, domin Hitila na kaki tsaye a jere da sauran mashahurai abin kallo ne na gidan Grévin kawai. Mai da shi ɗan yaro, da durƙusar da shi, da juya bayansa ga ƙofa, su suka sa mutane ke fita ɗakin jikinsu a sanyaye. Amma kuma da fuskar ba ta fito da rai ba, da wanda ya zagayo ya leƙa dariya zai yi. Tun da yake Druet bai nemi tarayya ba, kotu ba ta auna ko hannunsa ya kai matsayin na Guino ba.

Daga Nsukka zuwa Abuja

Wannan magana ba ta Turawa kaɗai ba ce. El Anatsui, haifaffen ƙasar Gana cikin 1944, ya koyar a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka daga 1975 zuwa 2011, yana kuma cikin masu sassaƙa na Afirka da suka fi suna a duniya. Tun wajen ƙarshen shekarun 1990 yake yin waɗansu manyan labule na ƙarfe da murafen kwalabe. Gomman samari ke zama a gidan aikinsa suna daddaɓe murafen, suna yankawa, suna hudawa, suna ɗaure su da wayar jan ƙarfe, su yi ƙananan ƙyallaye. Shi kuwa sai ya sa a shimfiɗa ƙyallayen a ƙasa, ya yi ta jujjuya su yana gwada launi da launi har tsarin ya kwanta masa, sa'an nan a haɗe. Cikin 2015 aka ba shi babbar lambar girma ta bikin nunin fasaha na birnin Venice, cikin 2023 kuma aka rataye aikinsa a zauren nan na Tate Modern. Bai taɓa ɓoye yadda ake aikin ba, an ɗauki fim ɗin samarin suna yi, duniya ta gani, wannan kuwa bai rage masa daraja ko kaɗan ba.

Akwai kuma wani misali daga tsohon garin Abuja, wanda yanzu ake kira Suleja. A farkon shekarun 1950 wani Bature, Michael Cardew, ya kafa makarantar koyon ginin tukwane a can, cikin 1954 kuma Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta shiga. Da hannunta take gina tulunanta ta yi musu zane, amma haɗa ƙasa da shafa ruwan ƙyalli da gashi a babban murhu aikin taron gidan ne. Al'adar wurin ita ce a buga wa tukunya hatimi biyu, ɗaya na gidan, an rubuta Abuja da ajami, ɗaya kuma na wanda ya gina. Saboda wannan ɗan hatimi mai haruffa LK ne aka san aikinta a Landan tun tana da rai, har yau kuma masu saye suna iya rarrabe nata da na abokan aikinta. Sunan gida bai hana sunan magini fita ba.

Abin da ya rage

Duk wanda ya bi wannan tarihi tun daga Bernini har zuwa Cattelan zai ga cewa ɗaukar mataimaki ba laifi ba ne, ba kuma zamba ba ce, haka sana'ar take tun fil azal. Karin maganar kura da gardi ba ta zauna daidai a kan kowane maigida ba, gama tunani da zaɓi da ɗaukar nauyi su ma aiki ne. Inda maganar ke zama daram shi ne wurin da aka ɓoye mataimaki, ko aka bar mai saye da mai kallo suna tsammanin hannu guda ne ya yi kome.

Mataimakan ma ba ɗaya suke ba. Akwai wanda ke bin awo, in ya tashi wani ya zauna ba a ga bambanci ba, wannan lada mai kyau da kariya daga haɗari su ne haƙƙinsa. Akwai kuma irin su Finelli da Guino, waɗanda in an cire hannunsu aikin ya zama wani abu daban. Su haƙƙinsu ya wuce lada, ya kai ga suna. Abin da ya jawo yawancin shari'un nan shi ne rashin rubuta yarjejeniya tun ran da aka fara aiki, lokacin da babu wanda ya san aikin zai yi daraja. Sai kuɗi sun taru, shekaru sun shuɗe, sa'an nan a zo ana tambayar wa ya ce me.

Masu shirya fim sun daɗe da samun mafita. Sunan darekta ke gaba, amma a ƙarshe ana jera kowa, har mai riƙe fitila, ba a kuma taɓa jin wannan ya rage wa darekta girma ba. A gidajen nuni kuwa, layin bayanin da aka saba rubutawa ƙarƙashin hoton mutum-mutumin nan na Hitila yana faɗin sunan Cattelan da shekara ta 2001, sa'an nan ya lasafta kayan da aka yi shi da su: kakin zuma, da gashin mutum, da kwat, da ƙaron roba. Akwai sauran wuri a wannan layi da zai ɗauki sunan dattijon da ya murza kakin.